Jirgin watanda, da shawarar da na ba ɗan yayata

Rubutun yau zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri. Wanda yake sauri ya ajiye shi zuwa bayan isha'i.

Daren Asabar da ta wuce, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ɗan yayata ya kira ni daga Amurka. Matuƙin jirgin sama ne. A can aka haife shi lokacin da mahaifinsa, Allah Ya jiƙansa, yake karatu, amma a gabanmu ya tashi, ni na riƙa kai shi makarantar firamare a kan babur. Da ya gama digiri ya ce shi tuƙin jirgi yake so, sai Yaya ta sayar da filin da ta gada ta haɗa masa kuɗin makaranta. Ya yi shekaru yana koya wa ɗalibai tuƙi da ƙananan jirage, ya kuma yi aiki a wani ƙaramin kamfanin haya, har ya wuce awa 1,500 a sama, wanda shi ne abin da manyan kamfanonin can suke nema kafin su kalle ka.

Ya ce, "Kawu, NetJets sun kira ni, Flexjet sun kira ni, akwai kuma wani ƙaramin kamfani da ya ce cikin ɗan lokaci zai mai da ni kyaftin. Wanne zan ɗauka?"

Na ce masa, kai yaro, ni da ko ɗakin matuƙi ban taɓa leƙawa ba, me na sani a harkar nan? Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ai tuƙin na iya. Maganar aiki nake tambayarka, shekara ashirin da ɗoriya kana aikin gwamnati."

Wannan maganar ce ta hana ni barci. Kwana uku ina karatu ina yi masa tambayoyi, ga abin da na fahimta, ga kuma ra'ayina.

Da farko bari in yi bayanin irin waɗannan kamfanonin, don na san da yawanmu ba mu taɓa jin su ba. Kowa ya san watanda: mutum goma su haɗa kuɗi a sayi sa, a yanka, a raba kashi-kashi. To haka masu kuɗin Amurka suke yi da jirgi, sai dai shi awowinsa ake rabawa. Ana lissafa wa jirgi ɗaya awa 800 a shekara. In ka sayi kashi ɗaya cikin 16, kana da awa 50. In ka sayi kwata, kana da awa 200. Bayan kuɗin sayen kason, duk wata kana biyan kuɗin kulawa, sannan duk awar da ka yi a sama ka biya kuɗinta. Kamfani shi ke ɗaukar matuƙa, shi ke gyara, shi ke inshora. Kai dai ka buga waya ka ce gobe da safe ina son tashi daga gari kaza zuwa gari kaza, a turo maka jirgi. Ba lallai ma ya zama ainihin wanda kake da kaso a cikinsa ba, duk wanda ya fi kusa irin samfurin naka shi za a turo.

Wani masanin lissafi mai suna Richard Santulli ne ya fito da tsarin a 1986, a kamfanin da yanzu ake kira NetJets, mai hedikwata a Columbus ta jihar Ohio. Warren Buffett ya fara ne a matsayin kwastoma, abin ya burge shi, a 1998 kamfaninsa Berkshire Hathaway ya saye shi ɗungurungum a kan dala miliyan 725. Shi ne babba a harkar har gobe, yana da reshe a Turai mai mazauni a Fotugal. Na biyu shi ne Flexjet, wanda kamfanin ƙera jirage na Kanada, Bombardier, ya kafa a 1995, daga baya a 2013 ya sayar wa kamfanin Kenn Ricci, shi ma mazauninsa a Ohio yake, kusa da Cleveland. Sai matsakaita irin su PlaneSense da ke New Hampshire, wanda ke amfani da jiragen Pilatus na Suwizalan, PC-12 mai farfela ɗaya da PC-24, da Airshare a Kansas, da AirSprint a Kanada.

Wannan "buga waya a turo maka" ɗin shi ne ya tsara rayuwar matuƙin gaba ɗaya. Matuƙin Delta ko United ya san tun farkon wata inda zai je da inda zai kwana. Matuƙin jirgin watanda ya san ranar da zai fita da ranar da zai dawo, abin da ke tsakani kuwa sai yadda waya ta ce. Ana iya gaya masa da dare cewa gobe Florida za shi, gari na wayewa a ce a'a, Aspen za ka, cikin duwatsu da ƙanƙara. Amurka na da filayen jirgi kusan 5,000 da kowa zai iya sauka, manyan jiragen fasinja kusan 500 kawai suke zuwa, sauran duk na irin su ɗan yayata ne. Yinin aiki kan kai awa 14, hutu awa 10, a sake tashi. A ƙananan jiragen kuma babu ma'aikaciyar cikin jirgi. Matuƙin ne zai tari mai jirgi a ƙasa da fara'a, ya loda jakunkuna, ya duba abinci ya iso, in an sauka ya share kujeru ya kwashe shara ya leƙa banɗaki. Duk wanda yake ganin hular nan da igiyoyin kafaɗa a hoto, ya haɗa har da wannan a lissafi.

Yanzu ga inda na tsaya. Yawancin masu kwatanta waɗannan ayyuka da albashin shekarar farko suke farawa, a nan kuma suke tsayawa. Shi ma yaron takardun da ya fara turo mini ke nan, ya ja layi a ƙarƙashin adadin kuɗin. In ka juya shi zuwa naira kanka sai ya sara. Amma a ganina albashin shekarar farko shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya duba, domin shi ne abin da ya fi saurin canzawa. Abin da ba ya canzawa shi ne lambarsa a jerin ma'aikata.

Mu ma'aikatan gwamnati mun san siniyoriti. Ranar da aka ɗauke ka aiki tana bin ka har ranar ritaya. To na matuƙa ya fi namu tsanani. Ranar da ka shiga kamfani za a ba ka lamba, kai ne na ƙarshe a layi. Da wannan lambar ake zaɓen jadawali, da ita ake zaɓen lokacin hutu, da ita ake hawa babban jirgi, da ita ake zama kyaftin. In kasuwa ta faɗi aka tashi rage mutane, daga ƙasan layi ake farawa. Mu a wajenmu mutum kan yi canjin ma'aikata ya tafi da shekarunsa da matakinsa. Su babu wannan. Kyaftin mai shekara 15 a kamfani ɗaya, in ya koma wani, sabon shiga ne, bayan yaron da aka ɗauka makon jiya zai tsaya. Ke nan zaɓen kamfani a wajensu ya fi kama da zaɓen gidan da za ka ba da 'yarka aure. Ana iya fita, amma da asara.

In haka ne, tambayar farko ita ce: kamfanin nan zai kai shekara 30 yana nan? Tarihin harkar cike yake da waɗanda ba su kai ba. Avantair na Florida, mai jiragen Piaggio na Italiya, ya durƙushe a 2013, matuƙa da masu kaso duk suka rasa tudun dafawa. CitationAir, wanda kamfanin Cessna da kansa ke bayansa, an naɗe tabarmarsa a 2014. Jet It, mai jiragen HondaJet, ya tsaya cak a 2023. Shi kansa babban bai tsira daga girgiza ba. A 2009, bayan rikicin tattalin arzikin duniya, NetJets ya tafka asarar dala miliyan 711, ya tura matuƙa kusan 500 gida, sai bayan shekaru aka fara kiransu. Buffett da kansa ya rubuta wa masu hannun jari cewa ba don Berkshire ya tsaya wa bashin kamfanin ba, da tuni ya rufe. Darasin da na ɗauka shi ne ruwa na dukan kowa, amma wanda ke da babban bango a bayansa shi ke wayar gari yana nan, kuma waɗanda aka tura gida sun sami inda za su koma da lambarsu.

Tambaya ta biyu: in rana ta ɓaci tsakaninka da shugabanni, wa zai tsaya maka? A nan ne manyan biyun suka rabu. Matuƙan NetJets suna da ƙungiyar ƙwadago tasu ta kansu, NJASAP, da yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace albashi, jadawali, hutu, da yadda ake ladabtarwa. A 2023 sun yi ta fitowa da alluna suna nuna rashin jin daɗinsu, saboda abokan aikinsu na ta guduwa manyan kamfanonin fasinja da suka ƙara albashi sosai a shekarar, Delta kaɗai ta amince da ƙarin kashi 34 cikin ɗari a tsawon shekara huɗu. A 2024 suka cimma sabuwar yarjejeniya mai ƙarin kuɗi. Matuƙan Flexjet kuwa a 2018 da kansu suka kaɗa ƙuri'a suka fita daga ƙungiyar Teamsters, suka zaɓi su riƙa magana da kamfani kai tsaye.

Ba zan ce sun yi wauta ba, su suka san abin da suka gani. Akwai mutanen da ƙungiya ke takura wa, masu ganin in ka yi ƙoƙari ya kamata a gan ka kai kaɗai, ba sai layi ya zo kanka ba. Flexjet na da wani tsari mai suna Red Label, inda ake ɗaura wa matuƙa ƙalilan jirgi guda, su san shi ciki da waje, su san masu hawansa, kamar direban da ya shekara da mota ɗaya ya san kukan injinta. Wannan abin sha'awa ne, kuma na ji a muryar yaron cewa ya ja hankalinsa. Amma ni na yi aiki a ƙarƙashin shugabanni fiye da goma. Na ga mai adalci, na ga wanda in ka gaishe shi bai amsa ba sai ka kwana kana tunanin inda za a jefa ka. Na taɓa ganin an yi wa wani abokin aikina canjin wurin aiki na mugunta don ya ƙi sa hannu a wata takarda, abin da ya cece shi kawai shi ne dokar aiki a rubuce take, kuma akwai waɗanda suka tsaya a kanta. Shugaba nagari kan tafi, kamfani kan canza hannu, abin da aka rubuta aka sa wa hannu shi ke saura. Ga matuƙi kuma abin ya wuce maganar albashi. Akwai ranar da zai ce na gaji ba zan tashi ba, ko yanayin nan bai yi mini ba, alhali attajiri na zaune a baya yana duba agogo. Ina so a ranar ya faɗi haka ba tare da tunanin abincin 'ya'yansa ba.

Tambaya ta uku: kwana nawa za ka yi a gidanka? Yaron yana da mata da jaririya. Babban abin da ke jan mutane zuwa wannan ɓangaren shi ne ba sai ka tashi daga garinku ba. Kamfani ke saya maka tikiti daga filin jirgin da ke kusa da kai zuwa inda jirginka yake, kuma ranar tafiyar a cikin kwanakin aiki take. Matuƙin manyan jiragen fasinja in ba a garin da aka ajiye shi yake zaune ba, da lokacinsa yake zuwa aiki, yana neman kujerar da ta rage. NetJets an san su da jadawalin kwana bakwai aiki, kwana bakwai gida, akwai kuma wasu tsare-tsaren na mai son ƙarin kwanaki don ƙarin kuɗi. Ku yi lissafin da ni: mai bakwai-bakwai in ya ɗauki hutun mako ɗaya, ya haɗa da makon gabansa da na bayansa, kwana 21 ke nan a jere. Kwana 21 sun isa mutum ya zo gida ya ga mahaifiyarsa, ya zaga dangi, ya koma. Tun watan Janairu zai iya buɗe kalanda ya ga ko sallah za ta same shi a gida. Na gaya masa ya tambayi kowane kamfani jadawalin da sabon shiga yake samu a zahiri, domin wanda ake bugawa a talla sau da yawa na manya ne.

Sai ƙaramin kamfanin da ya yi masa alkawarin kujerar kyaftin da wuri. Wannan ba abin rainawa ba ne. A sana'arsu awowin da ka yi kana shugaban jirgi su ne jari, su ke buɗe ƙofar manyan wurare. Wanda bai kai talatin ba, ba mata ba ɗa, burinsa Delta ko United, zai iya shiga irin wannan ya tara awowi shekara biyu ya wuce, kuma ya yi daidai. Amma ya karanta takardar da kyau, domin ƙananan kamfanoni kan sa ka sa hannu cewa in ka tafi kafin wani lokaci za ka biya kuɗin horon da aka yi maka. Ɗan yayata ya riga ya ɗanɗani irin wannan rayuwar a inda yake yanzu, waya a kunne dare da rana, hutu sai an ga dama. Na ce masa wannan matakin ka wuce shi.

Akwai ƙananan abubuwa da matashi ba ya kallo, mu da muka fara furfura su muke fara dubawa. Lasisin matuƙi a kan lafiyarsa yake rataye. Likita na duba shi duk shekara, in ya kai 40 kuma duk wata shida. Hawan jini ko ciwon suga da mu muke zuwa ofis da su muna haɗiyar magani, shi suna iya ajiye shi a ƙasa. To me kamfani zai ba shi in haka ta faru, kuma har tsawon yaushe? Fanshonsu irin namu ne na bayan gyaran 2004, kai ka zuba kamfani ya zuba, don haka nawa kamfani ke zubawa? Inshorar lafiyar iyali fa, a ƙasar da kwana ɗaya a asibiti kan cinye albashin wata? Shekarun ritaya ma da bambanci: manyan jiragen fasinja doka ta tsayar da su a 65, a wannan ɓangaren ana wuce haka.

Don a yi adalci, ga abin da za a iya faɗa a kan ra'ayina, kuma wani abokina ya riga ya faɗa mini a ofis. Ya ce, "Kai tunanin ma'aikacin gwamnati kake yi, tsoro ya hana ku komai." Akwai gaskiya a ciki. Mu uku aka ɗauka aiki rana ɗaya. Ɗaya ya tafi wani banki da albashi ninki uku na namu, guguwar rage ma'aikata ta 2009 ta yi gaba da shi, har yau bai gama farfaɗowa ba. Ɗaya ya ajiye aiki ya shiga kasuwanci, yanzu shi ke ba mu zakka in an yi wasa. Ni na zauna, ga ni nan, albashina na nan daram amma kasuwa ta cinye shi. Saboda haka ba zan ce zama wuri ɗaya kullum shi ne nasara ba. Kuma in kuɗi zalla ake nema na tsawon rayuwa, kyaftin ɗin babban jirgin fasinja a manyan kamfanonin Amurka ya fi duk waɗannan samu. Sai dai yaron nan ba da kuɗinsa kaɗai yake caca ba. Filin uwarsa ne a cikin lasisin nan, kuma ba ta da wani.

Abin da na ce masa a ƙarshe shi ne: in ni ne, zan ɗauki wanda ke da bango mai ƙarfi a baya da yarjejeniya a rubuce, ko da wani ya ɗara shi kuɗi a shekarar farko, in shiga da wuri in karɓi lambata, domin duk watan da ka yi jinkiri wasu ne suke shiga gabanka har abada. Amma kafin ya sa hannu ya nemi matuƙa biyu a kowane kamfani, ɗaya sabo ɗaya tsoho, waɗanda ba ofishin ɗaukar ma'aikata ne ya haɗa shi da su ba, ya tambaye su yadda makonsu na ƙarshe ya kasance. Ya kuma zauna da matarsa, don ita za ta yi kwana bakwai ɗin nan ita kaɗai da jaririya a ƙasar da ba uwa ba ƙanwa. Sannan ya yi istihara, ya kira mahaifiyarsa.

Kalma ɗaya ga ƙannenmu da suka yi karatun tuƙi a Zariya ko a ƙasashen waje suna zaune ba aiki, don na san wasunku za su karanta wannan. Kamfanonin nan na Amurka sai mai izinin aiki a ƙasar da lasisin hukumarsu ta FAA suke ɗauka. Ɗan yayata haihuwar can ce ta buɗe masa ƙofa. Duk wanda ya zo muku da maganar zai samo muku gurbi da biza in kun biya wani abu, ku riƙe kuɗinku. Amma tambayoyin nan uku naku ne ku ma, ko a Legas ne, ko Abuja, ko ƙasashen Larabawa: wa ke bayan kamfanin, me aka rubuta, kwana nawa zan yi a gida.

Ranar Juma'a zai ba su amsa. Jiya Yaya ta kira ni tana tambaya, "To me ka ce masa?" Na fara yi mata bayanin lamba da ƙungiya, ta katse ni ta ce, "Ni dai wanne ne zai bar shi ya zo sallah?"

In akwai matuƙa ko waɗanda suka san harkar a cikin abokaina, ku gyara mini inda na kauce, zan tura masa kafin Juma'ar. Sauran kuma ku sa shi a addu'a. Allah Ya zaɓa masa mafi alheri, Ya sauke shi lafiya duk inda ya tashi, Ya ba namu da ke zaune aikin yi.